Hotonmu a Kan Dutsen Roni

A ɗakin baƙi na gidan Baba a Kazaure akwai wani tsohon hoto a rataye, launinsa duk ya koɗe ya koma ja-ja. Mutum uku ne a ciki, 'yan mitsi-mitsi can a saman wani falalen dutse: mahaifiyata, da kakata, da ni. Ni da Umma hannayenmu a sama, bakinmu a buɗe. Kaka ce kaɗai ba ta ɗaga hannu ba, ita ta kewaye bakinta ne da tafukanta biyu. Duk baƙon da ya tsaya ya duba sai ya yi murmushi ya ce lallai mun sha daɗi ranar nan. Shekaranjiya da na je gaishe da Baba na sauko da hoton zan goge gilashinsa, sai tsoron ranar ya dawo mini sabo kamar ba ni ce uwar 'ya'ya ba. Ba murna muke yi a hoton nan ba, mai karatu. Ihu muke yi wa mai ɗaukar hoton ya gudu, domin ruwa na tafe a bayansa, shi da ƙanena, kuma bai sani ba.

Abin ya samo asali ne daga wata tafiya da Baba ya yi zuwa Yankari tare da abokan aikinsa. Ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai son ganin abu da idonsa, kuma idan ra'ayi ya shiga kansa to sai dai a yi haƙuri. Ya dawo mana da labarin giwaye da ruwan ɗumi mai fitowa daga ƙarƙashin dutse, ya dawo da wata kyamara ta hannu da ba ya yarda ko inuwarmu ta taɓa. Kwana da kwanaki ba a jin komai a gidan sai Yankari. Daga nan sai ya ce ai mu ma Allah bai bar mu haka ba, ga duwatsu sun kewaye mu muna kallonsu kamar bango, ba wanda ya taɓa hawa. Idan an yi hutun makaranta zai ɗebe mu a tsohuwar motarsa fijo, mu fara da Babura, mu dawo ta dam, mu hau duwatsun Roni, mu ƙare da Gwiwa.

Umma ta dube shi ta ce, "Malam, mutum lafiyarsa lau, ba akuyarsa ce ta ɓata ba, ya tafi hawan dutse?"

Ya ce sunan abin yawon buɗe ido. Ta ce nata idon a buɗe yake. Maƙwabta ma da suka ji sai suka riƙa tambaya ko biki ne, ko ta'aziyya, don a wurinmu ba a tayar da mota a zuba mata mai sai da dalili. Ba wanda ya iya tanƙwara shi. Umma ta soya dambun nama, ta dafa gyaɗa, ta cika kula da shinkafa da wake, tana yi tana mita.

Ni kuwa tun daga ranar da aka sa rana barcina ya ragu. Gara in faɗa tun yanzu, ni matsoraciya ce, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Lokacin ina aji huɗu a firamare, ina tsoron tsawa, ina tsoron rijiya, ina tsoron tinkiyar gidanmu idan ta haihu. Yaran unguwa suka samu abin yi, wannan ya ce akwai kuraye a kogunan Roni, wancan ya ce birai na sace yara mata su yi musu kitso. Ƙanena, wanda bai fi shekara huɗu ba, shi murna kawai yake yi, yana zagaya tsakar gida da murfin tukunya wai tuƙi yake.

Tsakiyar damina ce. Muka kama hanyar Babura da hantsi, gero ya yi tsayi har ya fara fitar da kai, ko'ina kore shar, iska na shigowa ta taga da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A Achilafiya Baba ya tsaya ya saya mana gasasshiyar masara, ya ɗauki hoton wata kuka da shamuwa suka yi sheƙa a kanta, mutanen da ke zaune a gindinta suna kallonsa kamar wanda ya samu taɓuwa. Babura ba dutse, yashi ne da shanu da motocin hatsi. Abin da ya kai mu can shi ne Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ke zaune a wani ƙauye a gefen garin tare da ƙanen Baba.

Dole in tsaya in yi bayanin Kaka, in ba haka ba sauran labarin ba zai zauna ba. Bafulatana ce, doguwa, siririya, ta tashi a ruga ta tsufa a ƙauye, kuma Baba ne ɗanta na fari. A wurinsu ɗan fari abin kunya ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama a tabarmar da yake kai. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ga kakansa a Kazaure, shi ya sa ma ya yi boko. Shi kuma ba ya ce mata Inna, Adda yake ce mata, kamar wata yayarsa. Idan ya durƙusa yana gaishe ta, sai ta juya gefe tana amsa wa bango. Idan tana son ya ci abinci, ni za ta kira ta ce, "Ƙawata, ki ce wa wannan ga fura can." Wannan, shi ne sunan Baba a bakinta. Akwai wani yaro a maƙwabtansu mai suna irin nasa, shi ma ta ƙi kiransa, sai dai ta ce mai sunan wannan.

Abin nan yana ba ni haushi ƙwarai. Ina ganin yadda take wasa da ƙanena, tana ce masa angonta, tana tsokanarsa wai bai kawo cefane ba. Ina ganin yadda take kiran ƙanen Baba da sunansa gatsal, har ta yi masa faɗa. Amma Baba, wanda ya ciko but ɗin mota da buhun shinkafa da atamfa saboda ita, ko kallo bai ishe ta ba. A raina na yanke hukunci cewa ba ta son shi. Na taɓa faɗa wa Umma, ta buge mini baki ta ce in na girma zan gane. Ita ma Umman ai ba ta kiran sunansa, Malam take cewa. Mu kuma Baba. Wato a duk gidan ba mai ikon furta sunan mutumin nan, sai abokan aikinsa idan sun yi sallama a ƙofar gida.

Da Kaka ta ji inda za mu, sai ta ci gaba da wanke-wankenta. Can ta ce mini, tana kallon ƙwaryar da take wankewa, in tambayi wannan ko motar tana da wurin tsohuwa, domin a gindin duwatsun nan suka taɓa yin mashekari, wato zaman damina da shanunsu, tana amarya, tana son ta ga ko wata tsamiya tana nan. Ba ta ce a nan ta haifi Baba ba. Umma ce ta raɗa mini daga baya.

Washegari muka juyo. Mun tsaya a bakin dam ɗin Kazaure, ruwa ya cika ya batse, masunta na jan koma. Baba ya ce mu matsa baki a yi hoto, ni na maƙale a jikin mota na ce ko za a yanka ni ba zan matsa ba. Kaka ta yi dariya ta ce ƙawarta ta fi kowa hankali. Daga nan muka nufi Roni, duwatsu suna ta matsowa kusa da titi, manya a kan ƙanana, wasu a ɗosane kamar tari ɗaya zai gangaro da su. Duk wanda muka wuce sai na sunkuyar da kai.

Bayan azahar muka ajiye motar a gindin wata bishiya a bayan wani ƙauye, muka yi salla, muka kama wata 'yar turba da makiyaya suka fitar. Rana tas a kanmu, dutsen ya ɗau zafi, ana jin wani wari-wari na kashin awaki da ɗanyen ganye. Baba na gaba da ƙanena a wuya, yana ta bayani ba mai saurare. Umma na baya tana haki tana salati. Kaka ta cire silifas ta riƙe a hannu, tana taka dutsen nan kamar tsakar ɗakinta, ni kuma na riƙe gefen zanenta gam. Kowane motsi a cikin sabara maciji ne a wurina. Da wata rema, 'yar dabbar dutse mai girman zomo, ta fito daga rami ta tsaya tana kallonmu, na ƙwalla ƙarar da ta sa zabin daji suka tashi fir daga ƙasan dutsen. Ban yarda na dubi ƙasa ba ko sau ɗaya, ƙafafun Kaka kawai nake kallo, da tsagar da ke dugaduganta.

Da muka kai saman, sai ga wani falalen dutse shimfiɗe, ya isa a shanya hatsin gida guda. A nan ko ni sai da na ɗaga kai. Ga gonaki sun miƙe har iya gani, ga ruwan dam can nesa yana ƙyalli, ga garken shanu fari fat a cikin kore. Kaka ta daɗe tana kallon wani wuri a gindin dutsen. Tsamiyar tana nan. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Can arewa, ta wajen Gwiwa, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ana ganin walƙiya na tsaga shi amma ba a jin ƙara. Na nuna wa Baba. Ya ce wannan ruwan wasu ne, ba namu ba, dubi samanmu ko gajimare babu.

A ɗaya gefen dutsen akwai wani kwazazzabo, rafi ne busasshe mai farin yashi, ya lanƙwaso daga arewa ya bi ta ƙarƙashinmu, gaɓarsa ta fi tsayin mutum. Baba ya leƙa ya ce daga can ƙasa hoton zai fi kyau, za a gan mu a sama kamar a kalanda. Ƙanena ya sa kuka sai ya bi shi. Ya saɓa shi a wuya suka gangara, ya waiwayo ya ce idan ya ɗaga hannu mu ma mu ɗaga, mu yi dariya, kada mu tsaya masa kamar masu zaman makoki. Muka zauna muna cin gyaɗa muna kallonsu suna ƙanƙancewa. Ya dira cikin yashin, ya sauke ƙanena, ya yi ta ja da baya yana neman inda zai samu mu duka. Ya juya wa arewa baya.

Ƙarar na fara ji. Wani rugugi ne can ƙasa-ƙasa, irin na tirelar shanu idan tana tahowa daga nesa, sai dai ba titi a wajen. Na ji shi a cikin dutsen da nake zaune a kai kafin in ji shi a kunne. Muka juya gaba ɗaya. Daga inda muke ana ganin rafin har bayan lanƙwasar, kuma a can yashin ya daina zama fari. Wani abu ja, mai kumfa, yana tafe ya cika kwazazzabon daga gaɓa zuwa gaɓa, yana turo rassan itace da karan dawa a gabansa. Na ga wata akuya a ciki tana juyawa, ƙafafu a sama. Ruwan da aka yi a wajen Gwiwa ne ya iso, ba tare da ɗigo ɗaya ya taɓa mu ba.

Baba ba ya ganinsa, lanƙwasar ta kare. Ƙanena na durƙushe kusa da ƙafarsa yana tara yashi.

Umma ta zabura ta miƙe tana ɗaga hannu. "Malam! Malam! Ruwa!" Ni ma na miƙe ina tsalle ina "Baba! Baba!" har maƙogwarona ya yi zafi. Yana jinmu, wannan shi ne abin da har yau yake tayar mini da tsigar jiki. Yana jin hayaniyarmu, yana ganin hannayenmu a sama, sai ya ɗaga nasa hannun yana dariya, ya kai kyamara ido. Ai abin da ya ce mu yi ke nan. Kuma tun safe ba abin da yake ji sai Baba, Baba, daga bakin yarinyar da rema ma ta sa ta ihu, da Malam, Malam, daga matar da ba ta so zuwa ba. Kalmar ruwa iska ta tafi da ita. Na ga jan abin nan ya kusa lanƙwasar, na ga ƙeyar ƙanena, na san a gabana za su tafi, kuma ba abin da muryata za ta iya.

Sai Kaka ta ture ni gefe. Ta taka har bakin dutsen, inda ko Baba bai yarda ya tsaya ba, ta kewaye bakinta da tafukanta, ta kira shi. Da sunansa na yanka. Irin kiran da makiyaya ke yi wa juna daga tudu zuwa tudu, mai tsawo, mai kaifi, duwatsun suka karɓa suka maimaita. Ban taɓa sanin akwai murya irin wannan a ƙirjin tsohuwar nan ba. Sau ɗaya ta kira, ta bi shi da kalma biyu: "Ɗauki yaron!"

Baba bai waiwaya ya ga mene ne ba. Ya saki kyamarar ta faɗa ƙirjinsa, ya suri ƙanena da hannu ɗaya, ya yo gaɓar da ke wajenmu da gudu, yashi na riƙe masa ƙafa. Na ga ya cilla yaron sama kan gaɓa. Na ga ruwan ya fito daga lanƙwasar. Daga nan ƙasan dutsen ya kare su, ba na ganin komai sai jan ruwa ya shafe wurin da suke tsaye, da hular Baba tana tafiya a kai.

Yadda muka sauka daga dutsen nan ban sani ba. Ni da na hau ina riƙe da zane, na gangaro da gindi, ƙaya na yagar ƙafafuna ban ji ba. Umma na ta innalillahi, Kaka na gabanmu. Rugugin ya cika ko'ina har ba na jin kukana. Abin da nake ta faɗa a raina shi ne, ya Allah ko da ɗaya ne, sai kuma in ji tsoron abin da na roƙa, don ban san wanne nake nufi ba.

Muka tarar da ƙanena a kife a kan gaɓa, bakinsa cike da yashi, yana tsala kuka. Baba kuwa yana ƙasa, ruwa ya kai masa ƙugu yana fizgarsa, ya rungume saiwar wata bishiyar ƙirya da ta fito daga jikin gaɓar. Fuskarsa ta yi fari, gaɓar kuma tana zubewa kaɗan-kaɗan a gefensa. Umma ta warware mayafinta ta murɗa ta jefa masa, ya kama da hannu ɗaya, ta ja, santsi ya kwashe ta ta zauna daɓas. Sai Kaka ta kwanta rub da ciki a cikin taɓon nan, ta miƙa hannu ta damƙi wuyan hannunsa. Ni na riƙe ƙafarta, ko ya yi amfani ko bai yi ba, oho. Suka ja, ya yunƙura, ya fito yana rarrafe, ba takalmi, wandonsa a yage, gwiwarsa na jini.

Yana fitowa ta sake shi kamar ta taɓa tukunya mai zafi. Ta juya masa baya, ta ɗauki ƙanena tana share masa baki da gefen zanenta, tana cewa wane irin ango ne wannan mai cin ƙasa. Amma ina kusa da ita, na ga bakin ya daɗe da fita tas, ita kuwa ba ta daina sharewa ba. Baba na zaune a ƙasa yana haki, idonsa a kan bayanta. Ya buɗe baki ya ce, "Adda." Ba ta juyo ba. Ni ta kalla, idonta jajir, ta ce, "Ƙawata, ki ce wa wannan ya tashi mu tafi, la'asar na wucewa."

Gwiwa dai ba mu je ba. Baba ya tuƙa mu gida ba takalmi, ba wanda ya yi magana a motar, har Umma da ta samu gaskiya ba ta ce ai na faɗa ba. Ni da Kaka muna baya, ta riƙe hannuna tun daga Roni har ƙofar gida, sai da muka sauka na ga shatin farcenta a fatata. Tun daga ranar ban ƙara cewa ba ta son shi ba. Kyamarar ta sha ruwa ba ta ƙara aiki ba, amma da aka kai fim ɗin wanki sai 'yan hotuna suka fita, har da na ƙarshen.

Yanzu abubuwa sun canja. An kafa ƙarfen waya a kan wasu duwatsun, samari na hawa da babura har gindinsu su yi hoto su sauko. Da yau ne, da waya za mu buga masa, in ya ga dama ya ɗauka. Ni kaina ina da ɗan fari, kuma ina kiran sunansa tun daga asuba har dare, a gaban kowa, har surukata ta gaji ta daina hararata. Ba na jin zan iya irin kunyar da Kaka ta yi, kuma ba na so in iya. Sai dai nakan lura, idan na ƙwala masa kira yana kan wayarsa, sai na yi uku bai ɗago ba.

Kaka ta rasu da daɗewa. Ta yi jinyarta a gidanmu, Baba na zaune a bakin ƙofar ɗakinta dare da rana, kuma har ta cika ba ta sake furta sunan ba. Shekaranjiyan nan, da na gama goge hoton, Baba ya ce in miƙo masa. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, sai da ya kai shi dab da fuska. Na tambaye shi abin da na daɗe ina son tambaya, me ya sa bai waiwaya ba ranar nan, ya kama gudu kawai. Ya ce ai ba sai ya waiwaya ba, ya san ba abin da zai fito da sunansa daga bakinta sai mutuwa. Sannan ya ɗora yatsa a kan 'yar siririyar tsohuwar da ke bakin dutse, ya ce, "Kin ga nan? Nan take kirana."